Yadda Ake Haɗa Ganyen da Iska Ke Kwasa a Bidiyo da Manhajar After Effects

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin dogon yaro a Sakkwato wajen ƙarshen hunturu ya san cewa ganye ba ya faɗowa kai tsaye kamar tsakuwa. Yakan rabu da reshe, ya yi juyi biyu ko uku, iska ta sure shi ta yi gaba da shi, ta sake shi, sannan ya sauka ya ci gaba da gudu a ƙasa tare da ƙura har ya sami gindin katanga ya maƙale. Wannan motsi ne masu haɗa bidiyo suke so su sanya a talla, da mabuɗin shirin talabijin, da bidiyon biki, kuma shi ne yawancinsu suke kasa samu, domin sukan sauko da shiryayyen fayil daga intanet mai cike da jajayen ganyaye irin wanda ke jikin tutar Kanada, su ɗora shi a kan hoton Hubbaren Shehu ko gadar Kwalkwalawa. Ɗan gari da ya kalla zai ji cewa akwai abin da bai zauna ba, ko da bai iya faɗar mene ne ba. Ganyen ba namu ba ne, iskar ma ba tamu ba ce. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda mutum zai haɗa nasa tun daga tushe, da ganyen da ya tsinta a ƙofar gidansa, ba tare da ya sayi wani ƙarin kayan aiki a kan manhajar da yake da ita ba.

Kafin a kunna kwamfuta

Matakin farko ba a gaban kwamfuta ake yin sa ba. Ka fita da wayarka da hantsi, lokacin da iskar hunturu take da ƙarfi, ka ɗauki bidiyon minti biyu ko uku na bishiya da ƙasan da ke gindinta, kada ka motsa wayar. Idan ka dawo ka kalle shi sau da yawa, za ka lura da abubuwa uku waɗanda dukkan sauran aikin a kansu zai tsaya. Na ɗaya, iska ba ta kaɗawa da ƙarfi iri ɗaya. Takan taso ta kwashi ganye da yawa a lokaci guda, sai ta lafa har ka ga kamar babu komai, sai kuma ta dawo. Na biyu, ganyen da ke gudu a ƙasa ya fi wanda ke shawagi a sama yawa. Na uku, launin busasshen ganye a nan ba ja ba ne. Tsakanin rawaya ne da ruwan ƙasa, kuma hazo yakan disashe shi idan ya yi nisa.

Ya kamata kuma a san lokacin da labarin bidiyon yake faruwa, domin kowace bishiya da lokacinta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Kuka takan zubar da ganyenta da shigowar rani ta tsaya tsirara, dogon yaro kuwa ya fi zubarwa wajen Fabrairu zuwa Maris, gab da ya yi sabon toho da fure. Gawo shi ne ya saɓa wa kowa, domin da damina yake kakkaɓe ganyensa, da rani kuma ya yi kore shar. Saboda haka wanda ya nuna gawo yana zubar da ganye a cikin hazon Janairu ya yi kuskuren da kowane manomi a Dundaye ko Wamakko zai gane nan take. Haka nan iskar da ke gabatar hadari a watan Mayu da Yuni dabam take da ta hunturu: ta fi fushi, tana zuwa farat ɗaya, kuma tana tsinko ɗanyen ganye tare da busasshe.

Abin da za a yi aiki da shi

Manhajar After Effects ta kamfanin Adobe, wadda ta fara fitowa a 1993, tana zuwa da wani kayan aiki a cikinta mai suna CC Particle World. Aikinsa shi ne ya riƙa haifar ƙananan ƙwayoyi masu yawa daga wuri guda, ya ba kowace ƙwaya tsawon rai, da gudu, da nauyi, da juyi, sannan ya kashe ta idan wa'adinta ya cika. Wannan dabara ta ƙwayoyi tsohuwa ce a fannin. William Reeves ne ya bayyana ta a rubuce a 1983, kuma da ita ake yin wuta, da hayaƙi, da ruwan sama. Mu abin da za mu yi shi ne mu gaya wa manhajar cewa kowace ƙwaya ta ɗauki siffar ganye. Akwai wani kayan aikin na saye mai suna Trapcode Particular wanda ya fi wannan iya sarrafa iska, amma a ganina bai kamata mai koyo ya kashe kuɗinsa a kai ba sai ya ga iyakar abin da ke hannunsa, kuma iyakar tana da nisa.

Kalmomi uku za su riƙa dawowa. Fage shi ne filin da ake jera komai a ciki, wanda manhajar ta rubuta Composition. Leya ita ce kowace shimfiɗa guda da aka ɗora a kan wata. Turke kuwa shi ne alamar da ake kafawa a kan layin lokaci domin a ce wa manhajar a wannan sakan ga lambar da ake so, wanda masu aikin ke kira kifiram. Sunayen maɓallai zan bar su yadda suke a rubuce a allon, domin da su mutum zai neme su.

Tsinto ganye da ɗaukar hotonsa

Ka tsinto ganyen dogon yaro guda takwas zuwa goma, kada su zama iri ɗaya. A samu wanda ya bushe ƙarau ya nannaɗe, da wanda ya yi rawaya bai gama bushewa ba, da mai ɓula, da wanda gefensa ya karye, da ɗaya ko biyu masu sauran kore. Ƙaramin ganyen guda ɗaya ake so, wato mai lanƙwasa kamar lauje da gefe kamar zarto, ba dukkan ƙaramin reshen da suke jere a kai ba, ko da yake reshe ɗaya ko biyu za su yi amfani a gaba. Ka shimfiɗa kowanne a kan farar takarda a inuwa, misali a cikin zaure kusa da ƙofa, ka ɗauki hotonsa daga sama. Ranar Sakkwato tana da kaifi, kuma idan ta bugi ganyen kai tsaye za ta bar masa baƙar inuwa da ƙyalli a gefe guda, wanda zai fallasa aikin da zarar ganyen ya fara juyawa a bidiyo.

Daga nan sai a yanke kowane ganye daga takardar, a bar shi shi kaɗai babu komai a bayansa. Ana iya yin haka a Photoshop, ko a GIMP wadda kyauta ce, a ajiye shi a matsayin PNG. Ana kuma iya yi a cikin After Effects ɗin kanta: ka danna G domin ɗauko alƙalami, ka zagaye ganyen, ka ɗan tausasa gefen da Mask Feather na fiksel 1. Wannan shi ne wuri mafi cin lokaci a aikin duka, kuma ina roƙon mai karatu kada ya gaggauta shi. Idan farin takarda ya rage a gefen ganye ɗaya, zai bayyana sau ɗaruruwa a bidiyon, domin ganye ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Jera ganyayen a fage ɗaya

Danna Ctrl da N ka buɗe ƙaramin fage mai faɗi 300 da tsawo 300, firam 25 a sakan (firam shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke yin bidiyo), wanda shi ne ma'aunin talabijin a Najeriya. Dole fagen ya zama murabba'i, in ba haka ba manhajar za ta matse ganyen ko ta miƙe shi. Idan ganyenka takwas ne, tsawon fagen ya zama firam takwas. Ka shigo da su duka, ka daidaita kowanne a tsakiya ya kusa cika fagen ba tare da ya taɓa gefe ba, ka rage tsawon kowace leya zuwa firam ɗaya, sannan ka zaɓe su duka ka bi Animation, Keyframe Assistant, Sequence Layers. Za su jeru ɗaya bayan ɗaya, kowane firam da nasa ganyen.

Dalilin wannan jeri shi ne za mu sa kowace ƙwaya ta ɗauki ganyen da ke kan allo a daidai lokacin da aka haife ta, ta riƙe shi har mutuwarta. Amma firam takwas ba su kai rabin sakan ba, don haka sai jerin ya riƙa maimaita kansa. Ka buɗe wani fagen mai girma ɗaya da wancan amma tsawonsa sakan 20, ka jefa na farkon a ciki, ka danna Ctrl da Alt da T domin buɗe Time Remap. Turaku biyu za su bayyana, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Na ƙarshen yakan faɗa a kan firam wanda babu komai a ciki, saboda haka ka kafa sabo firam ɗaya kafin shi, ka goge shi wancan. Sannan ka riƙe Alt ka danna ɗan agogon da ke gefen Time Remap, ka rubuta loopOut() a wurin da ya buɗe, ka ja leyar ta kai ƙarshen sakan 20. Ka sa wa wannan fage suna, misali Ganye, domin za a neme shi nan gaba kaɗan.

Tayar da iskar

Yanzu ka buɗe babban fage, 1920 da 1080 idan na talabijin ko YouTube ne, ko 1080 da 1920 idan na tsaye ne domin waya, shi ma sakan 20. Ka shimfiɗa hoton ko bidiyon da za a ɗora wa ganyen a ƙasan komai, sannan ka jefa fagen Ganye a ciki ka rufe ɗan idon da ke gefen leyarsa, domin ba a son ganinsa, ana son a ɗebo daga gare shi ne kawai. Danna Ctrl da Y ka yi leya mai launi ɗaya, kowane launi ne, ka ɗora mata CC Particle World daga Effect, Simulation. Za ka ga tartsatsi mai rawaya da ja yana fesowa daga tsakiya. Daga wannan tartsatsin za a fitar da ganye.

Ka fara da sashen Particle. A Particle Type ka zaɓi Textured QuadPolygon. Wannan zaɓi yana da muhimmanci, domin shi ne yake barin ganye ya juya ta kowace fuska, ya nuna faɗinsa sannan ya nuna kaifinsa kamar takarda, alhali Textured Square kullum fuskarsa tana kallon mai kallo, sai ganyen ya zama kamar an manna shi a gilashi. A ƙarƙashin Texture ka zaɓi Ganye a Texture Layer, ka mayar da Texture Time zuwa Birth. Birth Color da Death Color ka mayar da su fari duka biyun, in ba haka ba rawaya da jan tartsatsin za su rina ganyenka. Max Opacity ya koma 100. Birth Size da Death Size su zama lamba ɗaya, wajen 0.2, domin ganye ba ya girma ko ƙanƙancewa a cikin iska, sai ka ɗaga Size Variation zuwa wajen 60 domin a samu manya da ƙanana. Akwai kuma ɗan zane mai suna Opacity Map wanda ke sa ƙwaya ta dishe kafin ta mutu. Ka bi samansa da linzami ka cike shi, domin ganye ba ya narkewa a sarari.

Sai sashen Producer, wato mahaifar ƙwayoyin. Ana son ta a wajen allo, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Idan daga hagu ne, ka ja Position X zuwa wajen -0.8 har da'irar ta ɓace daga gani, ka ɗan ɗaga ta sama da Position Y na wajen -0.15. Radius X ya zama ƙarami, kamar 0.1, Radius Y wajen 0.5, Radius Z kuwa wajen 1, domin wasu ganyayen su fito kusa da ido wasu can nesa. A saman jerin akwai Birth Rate da Longevity. Na farko ka sauke shi sosai, tsakanin 0.1 da 0.3, na biyu ka ɗaga shi zuwa sakan 6 ko 7, yadda kowane ganye zai ƙetare allon ya fita kafin ransa ya ƙare.

Sashen Physics shi ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a zauna a daɗe. CC Particle World ba shi da maɓallin da aka rubuta wa iska, saboda haka dabarar ita ce a karkatar da nauyin da ke jawo abu ƙasa ya koma yana jawowa gefe. Ka buɗe Gravity Vector, ka sa Gravity X a 1, Gravity Y a wajen 0.25, sai ƙwayoyin su riƙa tafiya dama suna sauka a hankali. Shi kansa Gravity ka rage shi zuwa tsakanin 0.05 da 0.1. Velocity ya zama wajen 0.3. Resistance, wato turjiyar da iska ke yi wa abu marar nauyi, ka ɗaga shi zuwa tsakanin 0.5 da 1. Shi ne yake hana ganyen ya riƙa ƙara gudu kamar jifa, ya ba shi wannan shawagin da ido ya saba gani. A Animation ka gwada Twirl, wanda ke sa ƙwayoyin su tafi suna murɗawa, kana wasa da Extra da Extra Angle har murɗawar ta yi sauƙi. Idan guguwar bazara kake so, irin wadda ke tashi a fili da tsakar rana ta kwashi ganye da leda ta yi sama da su, Vortex ya fi dacewa, kuma a nan sai a dawo da mahaifar ƙasan allo. Daga ƙarshe ka koma Particle ka daidaita Rotation Speed tsakanin 120 da 300. Ganyen dogon yaro ƙarami ne, yana juyi da sauri; na mangwaro ya fi nauyi da tsawo, juyinsa kaɗan ne.

Duk waɗannan lambobi mafari ne. Ka ajiye bidiyon da ka ɗauko a ƙarƙashin bishiya a gefe ɗaya na allon, ka canza lamba ɗaya tak, ka kalla, ka kwatanta, sannan ka taɓa ta gaba. Wanda ya canza uku a lokaci guda ba zai san wadda ta gyara ko ta ɓata ba.

Za ka lura cewa a sakan na farko allon fayau yake, sai daga baya ganyen ke shigowa. Dalilin da ya sa muka yi fagen sakan 20 ke nan: sakan shida na farko na cika allo ne, za a yar da su, a yi amfani da sha huɗun da suka rage.

Tasowa da lafawa

Idan aka tsaya a nan, abin da za a samu shi ne ganye yana kwarara da gudu ɗaya kamar ruwan famfo, kuma wannan shi ne babban abin da ke bambanta aikin mai koyo da na gwani. Hanya biyu ake haɗawa domin gyara shi. Ta farko ita ce kafa turaku a kan Birth Rate: a bar shi a 0.05 na sakan biyu, a ɗaga shi zuwa 0.5 a cikin rabin sakan, a riƙe shi na sakan ɗaya, a sauke shi a hankali. Kada tazarar da ke tsakanin tasowa ɗaya da ta gaba ta zama daidai. Wata ta zo bayan sakan uku, wata bayan biyar, wata ƙarama ta biyo babba a baya-baya.

Ta biyu ita ce wasa da lokaci. Ka zaɓi leyar ƙwayoyin tare da Ganye, ka danna Ctrl da Shift da C ka dunƙule su a fage ɗaya, ka buɗe masa Time Remap, ka kafa turaku yadda wani yanki zai yi sauri wani ya yi jinkiri, sannan ka zaɓi turakun ka danna F9 domin sauyin ya zo da laushi. Ta haka dukkan ganyen da ke kan allo zai zabura tare, ya lafa tare, kamar yadda iska ɗaya ke yi musu. Na fi son wannan a kan kafa turaku a Gravity, domin ya fi sauƙin sarrafawa, kuma ana iya daidaita shi da kiɗa ko da maganar mai gabatarwa. Wanda yake son hanyar ganyen ta ɗan yi lanƙwasa yana iya ɗora Turbulent Displace a kan dunƙulallen fagen, Amount kaɗan, wajen 20, Size babba, wajen 300. Idan Size ya yi ƙanƙanta, ganyen da kansa ne zai riƙa lauyewa kamar roba.

Kusa, tsakiya, nesa, da ƙasa

Ido yana gane nisa ne ta hanyar girma, da gudu, da kaifin gani. CC Particle World yana bin kyamarar fage idan an saka ta, amma ba ya disashe abin da ke nesa ko kusa da kansa, don haka sai a raba ganyen gida uku. Ka kwafi leyar ƙwayoyin da Ctrl da D sau biyu, kuma a kowace ka shiga Extras ka canza Random Seed, in ba haka ba za su hau kan juna daidai wa daida. Ta nesa ta zama mai ƙananan ganye masu yawa, tafiyarsu a hankali, a disashe su kaɗan da Fast Box Blur, a rage musu kaifin launi yadda hazo ke yi. Ta tsakiya ita ce mai kaifi. Ta kusa kuwa ganye ne manya ƙwarai, kaɗan, wanda ɗaya zai gifta a sakan biyu ko uku da gudu, a dishe sosai da Camera Lens Blur.

Sannan a yi ta huɗu domin ƙasa, wadda yawancin masu aikin suke mantawa da ita alhali ita ce ta fi kama da hunturunmu. A wannan leya ka dawo da Gravity Y ya ɗan fi ƙarfi, ka buɗe Floor a ƙarƙashin Physics, ka ja Floor Position har layin ya dace da ƙasan hotonka, ka zaɓi Bounce a Floor Action tare da rage Bounciness, ko kuma Ice idan kana son ganyen ya riƙa zamewa. Glue yana manne ganye a inda ya sauka, wanda ke da amfani idan ana son ƙasa ta riƙa cika a hankali. Ɗan Drop Shadow mai laushi a wannan leya kaɗai yana zaunar da ganyen a ƙasa.

Idan akwai mutum ko gindin bishiya ko ginshiƙin ƙofa a hoton, wajibi ne wasu ganyayen su bi ta bayansa. Ka kwafi hoton, ka yanke abin da alƙalami idan a tsaye yake, ko da Roto Brush idan yana motsi, ka sanya yankakken tsakanin leyar nesa da ta tsakiya. Idan kuma kyamarar da ta ɗauki bidiyon tana tafiya, ka yi Track Camera tukuna ka ƙirƙiri kyamara daga sakamakon, ƙwayoyin za su bi ta, amma a wannan hali leyoyin ƙwayoyin su zauna a fage ɗaya da kyamarar.

Ganyen da ido zai bi

Ƙwayoyi taro ne, kuma ido yana son abu ɗaya da zai bi. Saboda haka nakan ɗauki ganye ɗaya ko biyu mafi kyau, ko ƙaramin reshen nan da aka ajiye, in motsa su da hannu. Ka shigo da hoton, ka kunna masa akwatin 3D, ka danna P ka kafa turaku huɗu ko biyar a kan hanya mai lanƙwasa wadda za ta sauka, ta ɗan tashi, ta sake sauka. A Position ka riƙe Alt ka danna agogo ka rubuta wiggle(2,30), wato ya girgiza sau biyu a sakan da nisan fiksel 30. Ka danna R, a Y Rotation ka rubuta time*200, a X Rotation time*90. Irin wannan ganye shi ake sa wa ya gifta ta gaban rubutu ya buɗe sunan shiri, ko ya sauka a kan alamar kamfanin da ake yi wa talla.

Bayan haka ka kunna Motion Blur a kan dukkan leyoyin ganye da kuma babban maɓallinsa na saman layin lokaci, ka bar Shutter Angle a 180. Inda bai kama ba, CC Force Motion Blur zai yi aikin, sai dai yana da nauyi, don haka a bar shi sai ƙarshe.

Saura ƙura. Ka yi sabuwar leya ka ɗora mata Fractal Noise, ka faɗaɗa shi ta gefe, ka kafa turaku a Offset Turbulence ya riƙa tafiya ta inda ganyen ke tafiya, ka rina shi ruwan ƙasa mai haske da Tint, ka mayar da yanayin haɗinsa Screen, ka sauke Opacity zuwa wajen 15. A saman komai ka sa Adjustment Layer mai Curves, ka ɗan ɗaga baƙin ya zama toka-toka, domin a cikin hazo babu abin da ke baƙi ƙirin. Wannan leya ta sama ita ce ke sa hoto da ganye su zama kamar kyamara ɗaya ce ta ɗauke su. Ƙarar ganye a ƙasa, wadda ka riga ka ɗauko a bidiyonka na farko, ka shimfiɗa ta a ƙarƙashi ka daidaita ƙarfinta da tasowar iskar.

Wanda ba shi da halin biyan kuɗin Adobe na wata-wata yana iya bin wannan tsari a Blender, wadda kyauta ce: faranti ya zama mahaifa, a tara ganyayen a Collection a zaɓi Pick Random, a ƙara Wind da Turbulence daga Force Field. Maɓallan ne suka bambanta, lurar da aka yi a gindin bishiya ɗaya ce.

Fitar da aikin

Ƙwayoyi da dishin motsi suna gajiyar da kwamfuta, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, laftof yakan rage gudu da kansa domin kada ya ƙone. Yayin aiki ka sauke Resolution zuwa Half ko Third, ka kashe Motion Blur sai lokacin dubawa, ka ɗaga bayan laftof ɗin iska ta shiga ƙarƙashinsa, ka bar fitarwa mai nauyi sai dare ko asuba. Idan manhajar ta fara nauyi, ka bi Edit, Purge, All Memory & Disk Cache. Saboda ɗauke wuta kuwa, shawarata ita ce a fitar da dogon aiki a matsayin jerin hotunan PNG: idan wuta ta tafi a firam na 200, daga na 201 za a ci gaba, alhali bidiyo guda da ya katse a tsakiya ya lalace ke nan.

Ka kafa farkon yankin fitarwa a sakan na shida da harafin B, ka danna Ctrl da M. Idan ganyen kaɗai kake so domin ɗorawa a kan wasu bidiyoyin a Premiere, manhajar tace bidiyo ta Adobe, ka rufe hoton baya ka zaɓi QuickTime da Apple ProRes 4444, a Channels ka sa RGB + Alpha, ka adana wannan fayil domin zai yi maka aiki shekara da shekaru. Idan aikin gamamme ne, fitar da shi a tsarin H.264 ya isa. Kafin ka miƙa wa mai shi, ka tura wa kanka ta WhatsApp ka kalla a waya, domin a can yawancin mutane za su gan shi, kuma matsewar da ake yi wa bidiyo a can takan dagula ƙananan abubuwa masu yawan motsi. Idan ka ga ganyen nesa ya koma dabbare-dabbare, ka koma ka rage Birth Rate na wannan leyar da rabi, ka ɗan ƙara musu girma, ka sake fitarwa.